Annobar Citta Da Batun Horar Da Masu Bincike A Kudancin Kaduna

Cikin daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da sauran sassan kudancin Jihar Kaduna. Ganye ya riƙa yin rawaya yana bushewa, saiwa kuwa ta ruɓe a ƙasa tun ba a kai ga haƙa ba. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwa cewa hasarar da manoma suka yi ta zarce Naira miliyan dubu 12. To amma da za a tambaya gona nawa ce ta kamu a kowace gunduma, ko wace irin ƙasa ce cutar ta fi yi wa ɓarna, ko kuwa wanda ya shuka irin da ya ajiye ya fi tsira bisa wanda ya sayo a kasuwa, sai a ga amsa ta yi wuya. Manomi kuwa amsar waɗannan yake bukata kafin ya sake cin bashi ya zuba a gona.

Ba rashin makarantu ne ya jawo haka ba. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa cikin 2004, tana da reshe a Kafanchan inda ake koyar da aikin gona da ilimin muhalli. Ga Kwalejin Horon Malamai ta Gidan Waya. Cikin 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta mai da gine-ginen Jami'ar Nok da ke Kachia sabuwar jami'ar kimiyya ta tarayya. Watau dai yanzu akwai malamai masu digiri biyu da uku a tsakiyar ƙasar citta, kuma tilas ne kowannensu ya yi bincike ya buga kafin a ƙara masa girma. Batun kuɗi ma an taɓuka, domin asusun ilimi da aka kafa cikin 1993 da harajin kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, wanda ya zama TETFund cikin 2011, yakan ba da kuɗin bincike, yakan kuma shirya wa malamai tarukan horaswa.

Abin dubawa shi ne irin horon da aka fi yi a ƙasar nan. Galibi akan tara malamai na 'yan kwanaki a ɗakin taro, a koya musu yadda za su zuba alƙaluma cikin kwamfuta, su danna SPSS ko wata manhaja irinta, ta fito musu da jadawali da zane. Ranar ƙarshe a raba takardar shaida, a ɗauki hoto, a watse. Wannan ilimi yana da amfani, babu mai musu. Sai dai shi ne matakin ƙarshe na bincike, kuma kwamfuta ba ta san gaskiya da ƙarya ba, abin da aka ba ta shi za ta lissafa. In tun daga wurin tattara bayani aka yi kuskure, to komai kyan jadawalin, an bar jaki ne ana dukan taiki.

A ɗauki malamin da ya tashi daga Kafanchan zuwa Fadan Kaje, kusa da Zonkwa a ƙaramar hukumar Zangon Kataf, da takardun tambayoyi ɗari biyu. Da Turanci aka rubuta tambayoyin, ɗalibin da ya rako shi zai fassara su da Hausa a tsaye, tsohuwar da ake tambaya kuwa da harshen Jju take tunani. Takarda ta ce gonarki kadada nawa ce, alhali kuwa ba a taɓa auna gonar ba. Ta ce kilo nawa kika girbe, ita kuwa buhu da mudu ta sani, buhun ma wani ya fi wani, sa'an nan nauyin ɗanyar citta daban, na wadda aka tsaga aka shanya daban. Har wa yau, in baƙo ya zo da biro yana tambayar abin da aka samu, wani zai rage domin tsoron haraji, wani kuma zai ƙara hasararsa domin yana zaton rabon taki ko agaji ne ke tafe. In kuma ranar kasuwa aka je, ko aka tsaya gidajen bakin titi kawai saboda hanyar ciki ba ta biyuwa da damina, to waɗanda aka samu ba su wakilci garin ba. Malamin da ba a koya masa maganin waɗannan ba zai koma ofis da takardu cike, ya sami digirinsa, amma ba a ƙaru da komai ba.

Abin mamaki, a Jihar Kaduna ɗin nan aka taɓa nuna wa duniya yadda ake yi. Wajen 1966 David Norman da abokan aikinsa na sashen binciken tattalin arzikin karkara a Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, suka zaɓi ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. Suka auna gonaki, suka zaunar da ma'aikata suna zagaya magidanta sau biyu a mako har shekara ta zagayo, suna rubuta aikin da aka yi da abin da aka kashe da abin da aka girbe. A zamanin nan masana da yawa suna ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne. Da aka tace alƙaluman, sai ta bayyana manomin ne ke da gaskiya: haɗin ya fi kawo masa amfani a kowace eka, ya kuma fi kare shi ranar da ruwa ya yi gardama. Ba su da kwamfutar tafi-da-gidanka, abin da suke da shi haƙuri ne da ma'aikatan da aka horar sosai.

A kudancin Kaduna kuwa maganar alƙaluma ta wuce ta gona, ta shafi rayuka. Ƙarshen 2016 shugabannin cocin Katolika na Kafanchan sun ce an kashe mutum 808 a rikicin yankin, ba da jimawa ba kuma hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce 204 ne. Jama'a suka yi ta zargin juna da ƙari ko ɓoyewa, alhali kuwa ɓangarorin biyu ba ƙananan hukumomi ɗaya suka ƙidaya ba. Ma'aikatar da ta fi dacewa ta ajiye irin wannan lissafi, da sunan gari da rana da hanyar da aka bi aka tabbatar, ita ce jami'a, muddin kowane ɓangare ya yarda malamanta ba su da wata manufa sai gaskiya. Wannan yarda kuwa ba ta samuwa sai mai bincike ya iya buɗe littafinsa ya nuna yadda ya kai ga kowace lamba.

Wata matsalar ba laifin malamai ba ce. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya yi cikin 2023 kuma aka ɗage ta. Saboda haka mai son ɗiban samfur a Zangon Kataf ko Jema'a ba shi da jerin gidaje na zamani da zai dogara da shi, sai ya zauna da dagatai da masu unguwanni ya tsara nasa. Wannan ma sana'a ce da ake koyo.

Saboda haka ya kamata hukumomin makarantun nan, da masu ba su kuɗi, su sake tsarin horon. Kashi mafi yawa a yi shi a ƙauye, da ma'auni da igiyar awo, a fassara tambayoyi da Hausa da Jju da Tyap da Hyam, a gwada su ga mutane kaɗan kafin a fita da su. A zaɓi 'yan garuruwa a riƙa bin gonakinsu kowace shekara, a ajiye bayanan inda malamin Kachia zai iya duba abin da na Kafanchan ya tattara, maimakon kowa ya kulle nasa a aljihun tebur. A kuma lura da lokacin sakin kuɗi. Citta ana shuka ta ne da faɗuwar ruwan farko wajen Afrilu ko Mayu, a haƙe ta bayan ɗaukewar damina, don haka kuɗin binciken da ya iso hannun malami cikin Satumba ya riga ya rasa rabin abin da za a auna. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, damina guda cur ya cinye, shekara ɗaya tak kafin annobar ta sauka.