A Horar Da Mataimakan Malamai Domin Ɗakin Fiɗa

Jama'a, ina roƙon fili kaɗan in yi magana a kan ƙarancin masu koyar da sanin sassan jikin ɗan Adam a makarantun likita. Wani zai ce ina ruwan malamin makaranta da wannan? To, da ruwanmu, gama koyarwa ce, mu kuwa ita muka zo koyo.

Kafin ɗalibi ya taɓa mai rai, tilas ya koyi jiki a kan gawa a ɗakin fiɗa. Ƙasusuwan baligi 206 ne, ban da jijiyoyi da hanyoyin jini, littafi kaɗai kuwa ba ya isa. Gani ya kori ji. Sai wani ya tsaya kusa da ɗalibi ya ce, "Ga jijiya nan, kada ka yanke ta." Nan Jos ga Jami'ar Jos, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1975, ga kuma asibitin Jankwano da mishan na SIM suka buɗe a 1959, yanzu asibitin koyarwa ne na Jami'ar Bingham. Masu son likitanci suna ƙaruwa, likitoci kuwa suna ƙaura zuwa Ingila da Saudiyya. Yaya malami ɗaya zai kewaya tebura da yawa cikin sa'a biyu?

Shawarata ita ce a zaɓi manyan ɗalibai masu ƙwazo, da waɗanda suka yi digiri a wannan fanni, a horar da su su taimaki malami. Wannan ba sabon abu ba ne. John Hunter, shahararren likitan fiɗa, ya soma ne a 1748 da taimakon wansa William a ɗakin fiɗa a Landan. Amma fa sani dabam, iya koyarwa dabam. Mu nan ba a sake mana aji sai mun yi gwajin koyarwa malaminmu na zaune a baya yana rubuta kurakuranmu. Haka ya kamata a yi musu: a koya musu shirya darasi, da yin tambaya, da girmama gawa, domin ɗan wani ne ko 'yar wani.

Waɗansu suna tsoron kada abin ya zama neman arha. Suna da hujja. Makarantar likita ta Yaba, wadda aka buɗe a 1930, ta fitar da mataimakan likita waɗanda suka sha aiki, albashinsu kuwa bai kai na masu takardar Ingila ba. Saboda haka a biya mataimaki hakkinsa, malami ya riƙa duba shi, kuma kada hukuma ta daina ɗaukar cikakkun malamai don an sami mataimaka.

Ina roƙon shugabannin makarantun likita su nemi hannun kwalejojin horon malamai a wannan aiki. Ɗalibin da ke tsaye a ɗakin fiɗa yau ba mai nuna masa, shi ne gobe za mu kai wa iyayenmu ya yi musu aiki.