Ba a Sake wa Tuwo Suna: Burkutu Giya Ce

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya karrama ɗan Adam da hankali, sannan ya haramta masa duk abin da zai gusar da shi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwa Musulmi, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wata magana da ta fito daga bakin wani matashi ɗan garin nan na Daura, wanda ya yi karatun allo a gaban idonmu, ya yi na boko har ya gama bautar ƙasa a Kudu. Muna zaune bayan sallar La'asar sai ya miƙo mana wayarsa, yana nuna mana bidiyon wasu 'yan birni sun kewaye tukwanen ƙarfe masu ƙyalli suna dafa giya a cikin gida, suna ɗaga kofi suna shinshinawa kamar masu cinikin turare. Ya ce wai shi ba sha yake yi ba, amma a ganinsa wannan fasaha ce, kuma mu ma muna da irinta tun kaka da kakanni, wato burkutu, wadda a cewarsa abincin gargajiya ce da aka yi da tsabar dawa, ba ruwanta da giyar kwalba. Subhanallahi! Da maganar ta tsaya a kansa shi kaɗai, da mun yi masa nasiha a keɓe mun ja bakinmu. To amma mun ji irinta a bakin wasunsa, don haka ya zama wajibi a amsa ta a fili.

Shi wannan yayi ba a nan aka haife shi ba. A shekarar 1978 shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya dafa giya a gidansa, daga nan ƙananan masana'antu suka yi ta tsirowa, kowacce tana taƙama da cewa tata giyar ta hannu ce, ba irin ta manyan kamfanoni ba. Guguwar ta iso Nijeriya, har a 2017 aka kafa irin wannan masana'anta a Abuja, wadda daga baya ta koma Legas, aka raɗa mata suna Bature. Mu dai mun yaba musu da faɗin gaskiya a wajen raɗin sunan nan. Abin takaicin shi ne yadda wasu 'ya'yanmu, da suka ga Bature ya ɗaukaka giyar gida, sai suka waiwayo suna neman burkutu su wanke ta, su sa mata rigar al'ada. Jiya abin kunya ce da ake ɓoyewa a bayan gari, yau an ce gadon kakanni ce.

To bari mu buɗe tukunyar mu ga abin da ke ciki. Mai yin burkutu tana jiƙa dawa, galibi ja, ta tsame ta shanya a inuwa tana yayyafa mata ruwa har ta yi tsiro. Sai ta busar da tsiron, ta niƙa, ta dama da ruwa, ta dafa, ta bar shi ya kwana ya yi tsami, ta sake dafawa. Har zuwa nan ruwa ne mai zaƙi da tsami, ba ya juya kan kowa. Da nufinta abinci ne da a nan za ta sauke ta raba. Amma sai ta bari ya huce, ta zuba masa ragowar tsohon haɗi, ta rufe, har ya tashi yana kumfa. A wannan mataki ne zaƙin da tsiron ya fitar yake rikiɗewa ya zama abin maye, kuma don wannan matakin kaɗai aka sha wahalar kwanakin nan duka, aka ƙone itace. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da kamfanonin giya suke yi da injuna a Kaduna da Legas, ba ragi ba ƙari. Bambancin kawai, can a kwalba ake zubawa, nan a ƙoƙo.

Kada wani ya zaci cewa malamai ne suka yi ƙiyasi suka jawo burkutu cikin hukunci da ƙarfi. A'a, an tambayi Manzon Allah (SAW) a kanta ƙarara. Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa wani mutum ya zo daga Jaishan ta ƙasar Yaman, ya yi tambaya game da wani abin sha da suke yi a ƙasarsu da dawa, ana ce masa mizru. Annabi (SAW) bai tambaye shi ko a gida ake yi ba, bai tambaye shi ko gadon kakanninsu ne ba, tambaya ɗaya ya yi masa: shin yana sa maye? Da ya ce e, sai ya sanar da shi haramcin duk abin da ke sa maye. Haka Abu Musa Al'ash'ari (RA) ya yi tambaya a kan wannan mizru da kuma wani da ake yi da zuma, ya sami amsa iri ɗaya. Ku lura, ya 'yan uwa, dawa fa aka ambata. A zamanin da aka saukar da ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida babu kamfani, babu kwalba mai tambari. Giyar da sahabbai suka kwarara a lungunan Madina ranar da haramci ya sauka, giyar gida ce, ta dabino, wadda suka haɗa da hannayensu. Wato abin da matashinmu yake kira fasaha shi ne ainihin abin da aka fara haramtawa.

Sauran uzurorin ma duk tsofaffi ne. Mai cewa tana ba manomi ƙarfin noma, ya sani Dailamul Himyari (RA) ya riga shi kawo wannan uzuri, ya ce ƙasarsu akwai sanyi da aiki mai tsanani, suna yin abin sha da alkama don su sami ƙarfi, kuma ba a yi masa rangwame ba, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Mai cewa magani ce, Ɗariƙu ɗan Suwaidu (RA) ya faɗi haka, aka gaya masa cewa cuta ce. Mai cewa ɗan kaɗan ba ya bugarwa, ƙa'ida sananniya ce cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Hatta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ba ta karanta Risala ba, ta fito a Janairun 2023 ta ce babu wani gwargwado na barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya. Sake suna kuwa, an ruwaito daga Abu Malikil Ash'ari (RA) gargaɗin cewa wasu daga cikin al'ummar nan za su sha giya suna kiranta da wani suna daban.

Akwai tambaya guda da ta cancanci amsa cikin natsuwa, domin masu gaskiya ma suna yin ta. Suna cewa: to ai kunun zaƙi ma da tsiro wasu ke yin sa, fura ma tana tsami, ina iyakar? Amsa ita ce tsami ba shi ne illar haramci ba, maye ne. Annabi (SAW) da kansa ana jiƙa masa zabibi ya sha ruwan, amma Ibnu Abbas (RA) ya ce ba ya wuce yammacin kwana na uku. Don haka ku sha kununku da furarku da zoɓonku lafiya lau, babu mai haramta muku abin da Allah ya halatta. Amma matar gida da mai sayarwa su kula: kunun da aka rufe a jarka ya kwana biyu cikin zafin bazara, ya kumbura, yana tsartuwa in an buɗe, warinsa ya sauya, a zubar da shi, kada a ce asara.

Wani zai ce ai wannan duk an wuce wurin, tunda Jihar Katsina ta ƙaddamar da Shari'a tun shekarar 2000 zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga kuma Hisbah tana aiki. Muna yi musu addu'a. Mun ga yadda Hisbah ta Kano ta farfasa kwalabe 240,000 a rana ɗaya a 2013. Amma kwalba tana zuwa ne a mota, ta bi titi, a tare ta a shinge. Tukunya fa? Dawa halal ce, ruwa halal ne, itace halal ne, babu ɗayansu da za a kama a hanya. Mu mutanen Daura, da muka tashi da labarin rijiyar Kusugu, ya kamata mu fi kowa sanin bambancin kashe maciji da sare kansa. Amurkar da ake kwaikwayo ta hana giya da doka daga 1920 zuwa 1933, mutanenta suka koma dafawa a ɗakuna da ginshiƙan gidaje, har gwamnati ta gaji ta janye. A Madina kuwa mai shela ɗaya ya isa, domin an riga an gina zukata. Kuma garinmu yau ba irin na jiya ba ne: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka zana ya ratsa ta nan, ga iyakar Kwangwalam a kusa. Baƙi za su yi ta zuwa, alheri ne, amma kowa da abin da zai zo da shi, kuma wanda bai zo a mota ba ya riga ya iso ta waya.

A nan ne maganar ta dawo kanmu, mu da ba mu taɓa kai ƙoƙon baki ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Anas (RA) mutum goma ya lissafa a cikin la'anar giya, mashayi ɗaya ne kawai daga cikinsu. Sauran su ne mai matsawa, da mai ɗauka, da mai sayarwa, da mai cin kuɗin, da makamantansu. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, to me ya raba inabi da dawa? Ba muna cewa ma'auni ya tsare kowane mai saye da tambaya ba, asalin ciniki halal ne, kuma zato ba hujja ba ne. Muna magana ne a kan wanda ya sani. Ma'aunin da ya san matar da ke ɗaukar buhun jar dawa duk mako da abin da take yi da shi, da mai injin da yake ganin tsiro buhu-buhu ya niƙa ya karɓi kuɗi, da mai gidan da ya ba da haya ya kawar da kai, da dillalin da ya san motar da yake lodawa masana'antar giya za ta nufa. Kada a manta, tun da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya suka juyo kan dawa, wadda Arewa ce ke noma mafi yawanta. Alhali ƙasar Daura, daga Sandamu zuwa Zango, daga Baure zuwa Mai'aduwa, ƙasa ce mai gajeriyar damina, wadda magidanci yake ƙirga damman rumbunsa yana fargabar ko za su kai shi kaka. Kowace tiya da ta shiga tukunyar burkutu tuwon daren wani gida ce.

Sai dai muna jan kunnen matasanmu masu zafin kishi: babu wanda ya ba ku izinin fasa gidan kowa, ko dukan kowa, ko ƙona rumfar kowa. Tsayar da haddi aikin hukuma ne da alƙali. Maƙwabcin da ba Musulmi ba yana da haƙƙin maƙwabtaka da kyakkyawar mu'amala, kuma wannan rubutu da Musulmi yake magana. Sannan mu ji tsoron Allah game da masu dafawar nan. Da yawansu mata ne da talauci ya kai su bango, wata mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, wata an sake ta ba ko sisi. Idan muka ce ta kife tukunya, me za ta ɗora a murhun gobe? Hannun da ya iya tsiro da tata da dahuwa zai iya kunu, zai iya ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, jari kawai ya rasa. Don haka muna kira ga kwamitocin masallatanmu a duk faɗin masarautar nan da su ware wani kaso na zakkar hatsin bana don wannan aiki, a aika mata masu wa'azi su same su a gida cikin sirri da mutunci, a tafi da jarin a hannu, kada a tafi da wa'azi tsura.

Shi kuwa matashin namu, mun buɗe masa Sahihu Muslim a babin abubuwan sha, ya karanta hadisin mutumin Jaishan da bakinsa. Ya yi shiru, sannan ya nemi aron littafin zuwa Juma'a, muka ba shi.