Garma Ba Ta Zaɓen Sa

Maƙerin Kabo ba ya ƙera garma domin wasu shanu na musamman. Idan sa ɗaya ya kwanta ciwo, sai a ɗaura wani, huɗa ta ci gaba. Wannan hikima ce ta kamaci matasa masu rubuta manhaja a Gwarzo da kewaye.

A shekarar 2004 Martin Fowler ya yaɗa sunan dabarar dependency injection, wato miƙa wa kowane sashe na manhaja kayan aikinsa daga waje, maimakon a ɗinke su a jikinsa. A kan haka aka gina tsarin Spring na harshen Java.

Manhajar ƙungiyar manoma da aka ɗinke da Paystack, ranar komawa Flutterwave sai an farke ta wuri-wuri, kuɗin taki kuwa yana jira. Wadda ake miƙa wa hanyar biya daga waje, sashe ɗaya za a sauya, kuma ana iya gwada ta ba tare da an taɓa kwabon kowa ba.

Gaskiya ne tsarin yana da wuyar koyo, kuma ƙaramin aiki bai buƙatarsa. Amma manhajar da za ta riƙe amanar kuɗin jama'a, wajibi ne a gina ta da shirin sauyi tun daga tushe.