Naman Barewa A Cikin Burodi

A ran 15 ga watan Nuwamba na kowace shekara ake buɗe farautar barewa da bindiga a Jihar Mishigan ta Amurka. Daga nan har sanyi ya wuce, gidajen maharba ba su rabuwa da wani abinci da ake kira Sloppy Joe, watau niƙaƙƙen nama da aka dafa cikin miyar tumatir mai kauri, aka zuba shi a tsakiyar burodi.

Naman barewa ba shi da kitse, saboda haka wanda ya soya shi tsurarsa zai tarar ya bushe kamar dusa. Dabarar ita ce a niƙa shi tare da kitsen sa, kashi ɗaya na kitse, huɗu na tsoka. Sai a soya albasa da tattasai da tafarnuwa, a zuba naman, a yi ta juyawa har jansa ya ɓace. Bayan haka a kawo tumatirin gwangwani da gishiri da masoro da ɗan sukari, a rage wuta, a bar shi ya yi kauri yadda ba zai jiƙa burodin ba. Hukumar aikin gona ta ƙasar ta ce niƙaƙƙen nama irin wannan sai zafinsa ya kai digiri 71 kafin a ci.

To, abin lura shi ne saura ƙiris wannan nama ya gagari kowa. Wajen shekarar 1900 'yan kasuwar nama da fata sun karkashe barewa mai farin wutsiya har ba ta wuce kimanin 500,000 ba. A shekarar ce aka kafa Dokar Lacey, wadda ta hana ƙetare iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa doka ba. A 1937 kuma aka ware harajin bindigogi da harsasai don kiyaye namun daji. Aka tsayar da lokacin farauta, aka ƙayyade wa maharbi adadi, aka hana sayar da abin da ya harbo. Yau yawanta ya kai wajen miliyan 30.

Ashe ke nan doka ce ta tsare wa maharbi abincinsa. Masu cinna wa daji wuta da rani domin kama gada da zomo, su kashe har mai ciki, ya kamata su yi tunanin abin da jikokinsu za su tarar a dajin.