ZAUREN UWARGIDA: Ciwon Sugan Yara Da Labarin Dashe

 Tambayar wannan wata ta fito ne daga iyayen da ke renon yara masu ciwon suga: wai gaskiya ne a ƙasar waje ana yin wani dashe da ke raba mutum da allurar insulin? Gaskiya ne, sai dai da sauran rina a kaba.

'Yar'uwa, a bayan tumbinmu akwai wata tsoka da likitoci ke kira fankiriyas. A cikinta Allah Ya warwatsa wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi kimanin miliyan ɗaya, ana ce musu tsibirai, su ne ke samar da insulin mai daidaita suga a jini. Wani Bajamushe, Paul Langerhans, shi ya fara gano su a 1869. A irin ciwon sugan da ya fi kama yara, garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin da ke yin insulin ɗin. Ba shan zaƙi ba ne, ba kuma jifa ba.

Dashen shi ne a ciro tsibiran daga jikin mamaci a zuba su cikin jijiyar hantar majinyaci. Wajen cirowar ake shan wuya. Duka-duka ba su wuce kashi 2 cikin 100 na tsokar ba. Ita tsokar kuma ruwan narkar da abinci take yi, don haka da rai ya fita sai ta fara cin kanta, dole a gaggauta cikin 'yan sa'o'i. Sannan a ɗura mata wani sinadari da zai saki naman. Kamar dafuwar shinkafa ce: ki sauke da wuri ba ta nuna ba, ki bar ta ta caɓe. Daga nan a rairaye da na'ura, inda ake asarar da yawansu. Shi ya sa sau da yawa sai an haɗa na mamata biyu ko uku kafin su ishi mutum ɗaya.

A 2000, likitoci a Edmonton ta ƙasar Kanada, ƙarƙashin James Shapiro, sun yi wa mutum 7 dashen, dukansu suka ajiye allura. Amma rahotonsu na 2005 ya nuna bayan shekara 5, kusan mutum 1 cikin 10 ne bai koma mata ba. Ga kuma shan maganin danne garkuwar jiki muddin dashen na jiki. Ko da Amurka ta amince da shi a 2023, manya ta yarje wa, waɗanda sugansu ke yawan faɗuwa warwas.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci bisa sharuɗɗa, ciki har da izninsa ko na magadansa, ban da ciniki.

To, idan manyan masana da na'urorinsu na wannan fama, yaya za ki yarda mai lasifika a bakin kasuwa zai warkar miki da ɗa da garin magani cikin sati guda? Yaron da ke kan insulin, daina masa allura na iya jefa shi dogon suma cikin kwana kaɗan, har a rasa shi.

Don haka ki sa ido. Yaro mai yawan ƙishirwa da fitsari, yana ci yana ramewa, ko ya dawo da fitsarin kwance bayan ya daina, ki kai shi Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na nan Sakkwato a gwada jininsa. Zafin garinmu yana lalata insulin. In babu wuta, ki sa kwalbar a leda mai rufi ki ajiye a sanyin randa, kada rana ta taɓa ta. Ki sa masa ƙwayar suga a aljihu, ki sanar da malamansa na boko da na Islamiyya alamun faɗuwar suga: gumi, karkarwa da jiri. Batun azumi kuwa, sai da shawarar likita.

Neman magani ba ya kore tawakkali, kuma ɗa amana ne a hannunki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa iyaye masu jinya da Aljanna. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.