Wuƙar Maƙera Ba Tausayi Take Nema Ba, Suna Take Nema

Duk shekara idan Babbar Sallah ta ƙarato, teburan 'yan kasuwa kan cika da wuƙaƙe, daga kasuwar Wuse a Abuja har zuwa Kurmi a Kano. Sai dai mai lura zai ga cewa waɗanda ake rububin saye su ne masu ƙyalli da mariƙin roba, waɗanda aka shigo da su a kwali daga ƙasar Sin. Wuƙar maƙera, mai baƙin ƙarfe da kuben fata, ta koma gefe tana jiran wanda ya san darajarta.

Ba ƙaramar sana'a ce ke ja da baya ba. A Taruga, kusa da Abuja, an tono murahun narka tama da aka yi aiki da su ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tarihin baka na Kano kuma ya nuna cewa maƙera Abagayawa, masu neman tama, suna cikin waɗanda suka fara zama a gindin Dala. Har yau sarautar Sarkin Maƙera tana nan a masarautu da dama.

Duk da haka, ba adalci ba ne a zargi uwargidan da ta zaɓi wuƙar kanti. Tana da araha, ba ta tsatsa, kuma idan ta dakushe a sayi wata. Shi kuwa maƙeri, komai ya yi masa tsada. Gawayi ya hau, tsohon sifirin mota da yake sarrafawa ya zama abin takara tsakaninsa da dillalan gwangwan, sannan masana'antar Ajaokuta da aka fara ginawa tun 1979 har yau ba ta wadata ƙasa da ƙarfe ba. Mutumin da ke dukan ƙarfe a kan uwar maƙera, yaro na ja masa zugazugi, ba zai taɓa karya farashin injin da ke fitar da dubbai a yini ba. Duk wanda ya ce masa ya yi gasar araha, hanyar talauci ya nuna masa.

Inda maƙeri ya fi ƙarfi daban ne. A tambayi mahauci, ko mai tsire, ko baduku, ko wanzami. Waɗannan da kaifi suke cin abinci, kuma sun san cewa baƙin ƙarfen da aka gasa, aka tsoma a ruwa ko mai yadda ya kamata, yana saurin karɓar washi, yana kuma jure aiki. Ga shi maƙeri na iya ƙera wa mutum wuƙa daidai hannunsa da aikinsa: ta fiɗa daban, ta yanka daban, ta sara daban.

Babbar matsalar ita ce wuƙar maƙera ba ta da suna. Da wadda gwani ya ɓata yini a kanta, da wadda aka yanko daga ragowar langalanga aka goga mata baki, duk a faifai ɗaya ake baza su, kusan a farashi ɗaya. Mai saye ba ya iya bambancewa sai ya kai gida. Idan ta lanƙwashe a wuyan rago, ba wanda zai koma wa, sai ya yanke hukunci a kan maƙera baki ɗaya. Haka marar kyau ke korar mai kyau daga kasuwa.

Turai ta ga irin wannan. Garin Solingen na Jamus ya samu dokar da ta kare sunansa tun 1938, ta yadda ba a buga sunan a kan wuƙa sai an yi ta a yankin kuma ta cika sharuɗɗa. Ƙauyen Laguiole na Faransa kuwa bai kare nasa da wuri ba, sai masana'antun Sin da Pakistan suka riƙa buga sunan a kan kayansu, maƙeran asali suka shafe shekaru suna shari'a.

Darasin a fili yake. Kowane gwanin maƙeri ya kamata ya buga tambarinsa a jikin wuƙarsa, ya kuma ɗauki alkawarin gyara ko musanya. Sarakunan maƙera da ƙungiyoyinsu su tsayar da ma'auni, su hana tambarin gari ga aikin ha'inci. Hukumar SMEDAN ta taimaka da injin washi da rajistar tambari, maimakon taron bita da ke ƙarewa a otal. Dukawa su ma su shigo, domin kube mai kyau rabin ciniki ne.

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Amma mai saye ba zai biya tsada don tarihi kawai ba, sai ya san hannun da ya yi aikin, ya kuma san inda zai same shi gobe. Ranar da ɗan maƙeri ya ga sunan mahaifinsa na jawo ciniki daga wani gari, ranar zai ajiye tunanin acaɓa ya koma bakin wuta.