Manhaja cikin dare biyu: wa ke riƙe da makulli ranar da ta lalace?

A watan jiya wani ƙanena da ke karatu a Maraɗi ya turo mini wani adireshin intanet ta WhatsApp, da saƙon murya yana dariya: "Yaya, buɗe ka ga aikin ƙanenka." Manhaja ce ya haɗa wa wata makaranta mai zaman kanta a unguwarsu, inda uba zai shiga ya ga makin ɗansa da abin da ya rage masa na kuɗin makaranta. Cikin dare biyu ya gama ta, shi da bai taɓa rubuta layi ɗaya na kod ba, wato rubutun umarnin da kwamfuta ke bi. Ya yi ta faɗa wa wata ƙirƙirarriyar basira abin da yake so da Faransanci, ita kuma tana ginawa. Wan shugaban makarantar, da ke zaune a Abijan, shi ya biya shi jika 50.

Aikin ya yi kyau a ido, ban ƙi gaskiya ba. Amma na lura adireshin shafin yaron da ya ba ni don gwaji ya ƙare da lamba 37. Na goge na sa 38. Sai ga sunan wata yarinya, da lambar wayar mahaifinta, da bashin wata uku da ake bin sa. Na sa 39, wani gidan ya fito. Da na kira shi na faɗa masa, ya yi shiru, sannan ya ce: "Yaya, ni dai na ce mata ta gina, ta kuma gina." Ya koma ya ce ta gyara. Ta toshe wannan ƙofar, ta ɓata shafin kuɗi. Ya ce ta gyara shafin kuɗi, maki suka daina fitowa. Kafin mako ya ƙare kuɗin da ya zuba na wata sun ƙare, manhajar kuma ba ta miƙe ba.

Wannan ne ya sa ni rubutun nan, don a fada da shafukan sada zumunta matasanmu na yawan gardama a kan wace hanya ta fi saurin fitar da manhaja. A ganina sauri ba shi ne abin auna su ba. Abin da ya kamata a tambaya shi ne wanda zai iya buɗe manhajar ya gyara ranar da ta tsaya, da kuma hannun wanda bayanan mutane suke.

Hanyoyin biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba ko da yake ana yawan haɗa su. Ta farko ita ce kayan gini marasa kod, irin su Bubble da aka kafa a 2012, da Webflow, da Glide, da AppSheet wanda Google ya saya a farkon 2020. A nan kamfani ya riga ya ƙera komai: maɓalli, fam ɗin cikewa, shafin shiga da kalmar sirri, rumbun bayanai. Kai naka ka jawo ka ajiye, ka tsara cewa idan an danna wannan, wancan ya faru. Glide da AppSheet ma suna iya ɗaukar teburin lissafin da ka riga ka cika a Google Sheets su mayar da shi manhaja.

Ta biyu ita ce ta ƙirƙirarriyar basira. Ta fara da GitHub Copilot a 2021, wanda ke taya masu rubuta kod ƙarasa layi. Bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 abin ya faɗaɗa, har zuwa ƙarshen 2024 aka samu irin su Bolt, da Replit Agent, da Lovable na ƙasar Suwidin, waɗanda za ka rubuta musu abin da kake so da harshen mutane su rubuta maka kod ɗin gaba ɗaya. A watan Fabrairun 2025 Andrej Karpathy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa OpenAI, ya bayyana wannan salon aiki da cewa mutum ya bar na'ura ta yi ta rubutu ba tare da ya duba abin da ta rubuta ba. Abin da masu yaɗa maganarsa ke mantawa shi ne, ya ce salon ya dace da ƙananan ayyukan gwaji na ƙarshen mako.

Hanya ta farko kamar kama hayar shago ne a kasuwar da aka riga aka gina. Akwai rufi, akwai ƙofa, akwai mai gadi. Ba za ka iya fasa bango ka ƙara ɗaki ba, kuma ranar da mai kasuwa ya ƙara kuɗin haya sai ka biya ko ka kwashe kayanka. Bubble ba ya ba ka kod ɗin manhajarka ka tafi da shi wani wuri; bayananka kawai za ka iya fitarwa. A 2023 kamfanin ya canza tsarin farashinsa ya koma lissafi da yawan aikin da manhaja ke yi, masu amfani da shi da dama suka yi ta kuka. Google kuwa ya rufe App Maker ɗungurungum a watan Janairun 2021, waɗanda suka yi gini a kansa suka koma neman wani wuri. Zanen aro ba ya rufe katara.

Hanya ta biyu kamar ka samu magini ne mai saurin tsiya, ya yi maka gini a filinka. Ginin naka ne: kod ɗin na hannunka, kana iya ajiye shi a GitHub, ka kai shi duk inda kake so, ka ba wani ya ci gaba. Wannan babbar riba ce, kuma ita ce ta sa nake ganin nan gaba wannan hanyar za ta rinjaya. Sai dai maginin nan ba ya cewa "ban iya ba". Yana shafe bango sumul ko da babu ƙarfe a ciki, kuma idan kai ba ka san gini ba, ba za ka gane ba sai damina ta zo.

Ba ƙanena kaɗai abin ya ci ba. A watan Mayun 2025 aka bayyana wani bincike a kan manhajoji 1,645 da aka gina da Lovable, aka tarar 170 daga ciki sun bar bayanan mutane a buɗe, saboda ba a saita dokar da ke cewa kowa nasa layin kaɗai zai gani a rumbun bayanai ba. A watan Yulin 2025 kuma, Jason Lemkin, wani sanannen ɗan kasuwar fasaha a Amurka, ya ba da labarin yadda na'urar Replit ta goge masa rumbun bayanan aiki bayan ya umarce ta kada ta taɓa komai. Shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya fito ya ce hakan bai kamata ya faru ba, an kuma samu dawo da bayanan. Idan haka ta samu mutumin da ya shekara yana harkar manhajoji, yaya ɗalibin da ke aiki da waya da tsakar dare?

Wani zai ce ai kayan marasa kod ma ana yin kuskure a cikinsu. Gaskiya ne. Wanda bai saita dokokin sirri a Bubble ba, shi ma zai bar ƙofa a buɗe. Bambancin shi ne a can dokokin na wuri ɗaya, a shafin da ido ke gani, kana iya zama da wani ku bi su ɗaya bayan ɗaya. A kod ɗin da na'ura ta rubuta kuwa, kuskuren na iya ɓuya a layi ɗaya cikin dubbai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wanda bai iya duba bangon ba ba zai ga tsagar ba.

Akwai kuma abubuwan da suka shafe mu mu kaɗai, waɗanda masu tallar kayan nan a YouTube ba sa ambata. Na farko kuɗi. Yawancinsu, na hanyoyin biyu, suna cajin dalar Amurka 20 zuwa 30 a wata, wato wajen jika 12 zuwa 18 na sefa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42. Biyan kuma sai da katin banki na ƙasa da ƙasa, wanda matasa da yawa ba su da shi sai sun roƙi ɗan'uwa a waje. Kuɗin marasa kod haya ce da ka san adadinta, amma ba ta ƙarewa muddin manhajar na aiki. Kuɗin ƙirƙirarriyar basira kuma kamar kuɗin kira ne, kowane saƙo na ci, kuma saƙonnin gyara sun fi na gini yawa.

Na biyu, karɓar kuɗi. Kusan duk kayan nan an yi su ne da Stripe a zuciya, shi kuma Stripe ba ya buɗe asusu ga ɗan kasuwar Nijar. Mutanenmu da Airtel Money, da Moov Money, da Nita, da Amana suke biya. Haɗa manhaja da waɗannan na buƙatar yarjejeniya da kamfanin da kuma wanda ya san aikin, ko da wace hanya aka yi ginin. Duk wanda ya yi maka alkawarin manhajar kasuwanci cikin kwana biyu, tambaye shi ta ina kuɗin za su shigo.

Na uku, wuta da rezo. Ba mu manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba mu. Ko a lokacin lafiya, wanda ya bar Damagaram ko Tawa ya shiga ƙauye ya san yadda rezo ke zuwa ya tafi. Manhajar da ba ta motsi sai da intanet mai ƙarfi ba za ta yi wa mai sayen albasa a Galmi amfani ba. A nan tsofaffin kaya sun fi: KoboToolbox da ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna aiki da shi, da AppSheet, suna karɓar bayani ba rezo su tura daga baya. Na'ura ma na iya rubuta irin wannan, amma sai ka san ka tambaya, ka kuma san yadda za ka gwada.

Na huɗu, doka. Tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan jama'a, an sabunta ta a 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da ke sa ido. Idan sunayen yara da bashin iyayensu suka watsu, ba kamfanin Amurka ko Suwidin za a nema ba. Shugaban makaranta za a nema, da yaron da ya yi aikin.

To ga matsayina. Idan ba ka iya karanta kod ba, kuma abin da za ka gina zai riƙe kuɗin mutane ko sirrinsu, na makaranta ne, ko asibiti, ko adashe, ka tsaya a kan kayan marasa kod, ka bar bayananka a teburin da kake iya saukewa duk mako. Idan shafin talla ne kawai, ko gwaji don nuna wa mai zuba jari abin da ke ranka, yi da ƙirƙirarriyar basira, ba abin da ya kai ta sauri. Idan kuma kana son wannan ta zama sana'arka, ka riƙe ta a matsayin malami: duk abin da ta rubuta ka ce ta yi maka bayani layi-layi, har ka kai ga gane kuskurenta da kanka. Ɗaliban jami'o'in Dan Dicko Dankoulodo, da André Salifou, da Djibo Hamani, da Abdou Moumouni, da matasan da ke zuwa cibiyar CIPMEN a Yamai, yanzu ne ma karatunsu ya ƙara daraja. Masu haɗa manhaja sun yi yawa. Masu iya dubawa su ce nan ne ɓarakar take su ne ƙalilan.

Ƴan'uwanmu na Abijan, da Kwatano, da Legas, da Faransa, ku ne kuka fi biyan kuɗin irin waɗannan ayyuka don shagon gida ko makarantar unguwa. Kafin ku tura, ku tambayi abu uku. Da sunan wa aka buɗe asusun, kuma wa ke da kalmar sirri? Nawa za a riƙa biya duk wata, kuma wa zai biya? Idan wanda ya gina ya yi tafiya, wa zai gyara? Wanda ya kasa amsa waɗannan bai gama aiki ba, komai kyan shafin.

Ƙanena ya rufe manhajar a ranar da na kira shi, ya je da ƙafarsa ya faɗa wa shugaban makarantar abin da ya faru. Yanzu makin yara na cikin tebur mai sauƙi wanda malamai uku kaɗai ke buɗewa. Shi kuma kullum bayan isha'i yana zama da tsohon kod ɗin yana bi layi-layi. Shekaranjiya ya turo mini saƙo cewa ya gano layin da ya bar ƙofar a buɗe, kuma da hannunsa ya gyara shi.